Ranar da Muka Kai Surukin Alhaji Gidan Tsofaffi

A shekarar da aka yi wasannin Olamfik a Beijing, ina Guangzhou ina yi wa 'yan kasuwarmu tafinta, bayan na bar aikin rediyo. Wani Alhaji ɗan Kano mai safarar tufafi, wanda ya auri 'yar ƙasar Sin, ya roƙe ni in raka shi gundumar Panyu. Surukinsa ne ya matsa sai an kai shi gidan kula da tsofaffi, domin abokan hirarsa duk suna can. A wurin Alhaji abin kunya ne, amma tsohon ya kafe.

Manajar gidan ta miƙa wa Alhaji takardu, tana kiransa laoban, wato maigida. Ya zaro biro, kamar yadda ya saba yi wa takardun kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Ni kuwa aikin rediyo ya hana ni yarda da takardar da ban karanta ba. Sakin layi na tara ya ce idan aka cutar da tsohon, ba zai je kotu ba. Wanda gidan ya zaɓa shi zai saurari ƙorafin ya yanke hukunci, kuma babu ɗaukaka ƙara.

"Malam, labaran duniya za ka karanto mana?" in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, ba kai za ka kwana a nan ba. Bari wanda zai kwana ya ji."

Na bayyana wa tsohon sau biyu, domin kunnensa ya yi nauyi. Ya tambayi manaja ko dole ne. Ta ce kowa haka yake sa hannu.

"Ba ta ce dole ne ba," na gaya wa Alhaji.

"To, ashe ciniki ne."

Ya mayar da biro aljihu, ya gyara hula, ya ɗauki jakar surukinsa, ya nufi ƙofa a hankali, irin tafiyar da yake yi idan an ƙi yi masa ragi. Tsohon ya daɗe yana sayar da riguna a kasuwar Shisanhang, shi ake yi wa wannan tafiya a da. Ya miƙe da sandarsa ya bi bayansa, yana ƙunshe dariya.

"Kada ka waiwaya, Malam," Alhaji ya raɗa mini. "Za ka ɓata mana aiki."

Ba mu kai bakin matakala ba manajar ta kira mu. Ta ja layi a kan sakin, ta buga hatimi. Tsohon ya sa na sake karanta masa shafin, sannan ya dangwala yatsa a jar tawada da kansa. Ya zaɓi gado kusa da taga, ya ce mu tafi, ana jiransa a teburin karta.