Maƙwabcina Mai Cafe Ƙwallo

A unguwar Zahir ta Makka muka yi maƙwabtaka da shi. Baƙar fatar Amurka ne, dogo, yatsunsa biyu a karkace. Karatun addini ya kawo shi Makka, kuma da Larabcinsa mai tsami muke hira.

Na tambaye shi sana'arsa ta dā, ya jero mini. Da farko jami'a ta ɗauke shi karatu kyauta saboda ƙwallon ƙasarsu, wadda ake riƙewa da hannu. Aikinsa ya ruga a guje, a jefo masa daga nesa ya cafe, ƙarti na bin sa su kayar. Bayan shekara huɗu ƙungiyar ƙwararru ta zaɓe shi, can ƙarshen layi. Ya zaga ƙungiya uku. Daga nan gwiwa ta lalace, aka sallame shi.

Na ce, "Ya Shehi, wato duk ƙuruciyarka a cafe ta ƙare?"

Ya yi dariya, ya kira ni baffa da Larabci, ya ce, "Ammu, kai ma taka a tura keke ta ƙare."

Gaskiya ya faɗa. Tura alhazai marasa ƙarfi a keken guragu nake yi a Mina.

Shekarar da ni da ƙanena muka kai mahaifiyata Hajji, maƙwabcin nan ya biyo mu. Tana da asma. Ni da ba na barin komai ba a muhallinsa ba, ranar na sa abin shaƙarta a jakar ƙanena. Da hantsi, a hanyar jifa, cunkoso ya raba mu. Ƙanena ya faɗa layin masu dawowa, mu muna na masu tafiya, shingen ƙarfe biyu a tsakani. A hanyar nan ba a juyawa, ba a tsallakawa.

Numfashin Inna ya fara sarƙewa. Na kira ƙanena a waya, na hango shi yana ɗaga hannu, jama'a na tura shi gaba. Na ce ya jefo abin shaƙar.

Maƙwabcina ya riƙe hannuna ya ce, "Gaya masa kada ya jefo inda nake. Ya jefa wajen fitilar can, inda zan kai."

Na faɗa. Ƙanena ya ƙulle abin a hularsa ya wurga. Jifar ba ta yi kyau ba, ta yi tsawo. Mutumin ya kutsa ta gefen shinge yana ɗingishi, yana waige, ya miƙa hannu ɗaya sama da kawunan alhazai. Hular ta zauna a yatsun nan karkatattu.

Inna ta shaƙa sau biyu. Da ta samu magana ta ce, "Wannan ɗan wa ne?"

Kwana uku maƙwabcina ya yi bai taka ƙafar nan mai ciwon gwiwa ba, ni na tura shi sauran jifan a kekena. Har Inna ta rasu, duk Juma'a sai ta aika masa da tuwo, kuma ni nake kaiwa.