Girar Ƙanwata

Ina tsintar shinkafa a ƙofar ɗaki, rana ba ta yi zafi ba tukuna, mijin ƙanwata ya kira ni daga Argungu. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Ta cika bayan sallar asuba." Kwana uku ke nan da aka ce min zazzaɓi take yi. Na yi salati, na ajiye faifan a ƙasa. Abin da ya fara zo min a rai, Allah ya sani, ba 'ya'yanta ba ne, ba kuma mahaifiyarmu ba. Girarta ce. Ni na lalata mata ita, kuma shekara fiye da goma ban taɓa buɗe baki na ce ta yafe min ba.

Muna 'yan mata yayin aske gira ya shigo Birnin Kebbi. A fuskar amare muka fara gani, gira siririya kamar an ja zare. Ba mu jira masu kwalliya ba. Sabuwar reza, jagira da madubin hannu, shi ke nan kayan aikin. Wasu na ɗora bakin cokali su bi lanƙwasarsa, wasu su yanka kwalin sukari su yi ma'auni. Ni hannuna bai rawa, shi ya sa ranar Juma'a ɗakinmu ke cika da 'yan matan unguwa. Malamai suna ta wa'azi a kai a rediyo. Inna kan leƙo ta ce, "Allah ya ba ku, kun aske, kuna zana taku da hannu." Tana wucewa mu ci gaba.

Matsalar jagira ita ce ba ta zama. Alwala ɗaya ta tafi, kuma zafin garinmu kan narkar da ita kafin a kai gidan biki. Sai wata ta zo da dabarar dayis, baƙin da ake zanen lalle da shi. In aka shafa, yakan yi mako.

Ƙanwata ba ta shiga yayin ba. Girarta cikakkiya ce, irin ta mahaifinmu, saura kaɗan ta haɗe. Ana jibi bikin 'yar kawunmu na kama ta.

"Yaya, ki bar min abuna."

"Zamna dai. Da wagga ciyawar fadama za ki shiga cikin mutane?"

"Ciyawar ai ta gidanku ce," in ji ta, tana dariya. Ta zauna, ta ɗora kanta a gwiwata.

Na rage ta dama, sai ta fi ta hagu siranta. Na koma ta hagu, hannuna ya zarce. Haka na yi ta daidaitawa har babu abin da ya rage. Ta karɓi madubi ta duba.

"Mi kinka yi min?"

"Ban gama ba. Kwanta."

Na kwaɓa dayis da kauri, na zana, kuma na bar shi fiye da yadda ake bari don ya kama sosai. Ta ce yana mata zafi. Na ce ta daure, haka yake yi wa kowa. Washegari goshinta ya kumbura har idanunta suka ƙanƙance, wurin ya yi ƙuraje yana ruwa. Ba ta je bikin ba. Ni na je. Da ciwon ya warke, fatar ta yi sumul, gashi bai sake fitowa ba sai 'yan ƙwayoyi a gefen hagu.

Babu abin da ba a gwada ba. Man kaɗanya, man zaitun, habbatus sauda. Da ta auri manomin albasa a Argungu, matan gidan suka ce ruwan albasa na tsirar da gashi. Ta kira ni tana dariya, wai ta auri magani buhu-buhu. Wata biyu tana shafawa, hawaye kawai ta samu.

Yayin kuwa ya wuce kamar yadda ya zo, babu wanda ya sanar. Aka wayi gari 'yan mata suna son gira mai yawa, suna taje ta sama da sabulu. Tawa ta dawo cikin 'yan watanni bayan na ajiye reza. Ta ƙawayena ma haka. Ita kaɗai aka bari da jagira. Bayan kowace alwala sai ta shiga ɗaki ta zana, sau biyar a rana, a cikin haihuwa da goyo da aikin shanyar albasa. Har yaran maƙwabta suka fara ce wa irin wannan zanen girar tsofaffi.

Ba ta taɓa yi min gori ba, kuma wannan ya fi min nauyi. In na je Argungu takan ce, "Ga mai askin gidanmu nan, ku ɓoye goshinku." Kowa ya yi dariya, har da ni. Sau ɗaya na ɗauko maganar, muna bakin murhu tana soya kifi. Na ce, "Wancan abin da nic yi miki..." Ta ce, "Yaya, miƙo min matsami, zai ƙone." Na miƙa mata. Ban sake ba.

Ranar rasuwar na samu mota a tasha da wuri, na isa kafin hantsi ya ɗaga. Gwaggon mijinta ta tare ni a tsakar gida, ta ce sun jira ni da wankan, don tun tana kwance ta ce yayarta za ta wanke ta. Muka shiga mu biyu. Zanen jiya na nan a fuskarta, ya ɗan karkace, da alama a kwance ta yi shi. Na zuba ruwa na shafa, ya fita. Tabo biyu farare suka bayyana.

Tsohuwar ta sunkuya ta duba. Shekara takwas suna gida ɗaya, ba ta taɓa ganin fuskar haka ba.

"Allah sarki, ɗiyata. Ciwo ta yi tana ƙarama?"

Na ce, "E, Gwaggo."

Muka gama, aka sa ta a likkafani, maza suka ɗauka. Da aka ce duk wanda ta yi wa laifi ya yafe mata, mata suka amsa sun yafe, na amsa tare da su.

Tun daga nan na koma Argungu sau uku duba yaran. Kowane zuwa nakan gaida Gwaggo a ɗakinta, mu ɗan zauna. Har yanzu ta ɗauka ciwon yarinta ne. Ban gaya mata ba tukuna.