Masu Tsince Ruɓaɓɓun Albasa a Jikin Baba

Jiya a Aliero na tarar da Baba gaban tulin albasarsa yana haki. Ko rabin ruɓaɓɓun bai tsince ba, ƙarfi ya ƙare.

Ya ce, "Ɗiyata, ke da kinka karanci jikin mutum, mi ka cinye min ƙarfi?"

Na ce masa ƙwayoyin jikinmu suna da ƙananan murahu masu ba su ƙarfi. Akwai kuma sinadaran da ke gyara murhun da ya gaji, su fitar da lalatacce kada ya ɓata saura. Da tsufa, su ma sanyi suke yi.

Ya juya wata ruɓaɓɓiya a hannunsa, ya yi murmushi. "Ashe masu yi min tsinta ne sunka tsufa."

Na ajiye jakata na ƙarasa masa tsintar.

Ku fa, wa ke taya naku tsofaffin?