Tuwon Gidan Malam Bunu

Duk wanda ya zauna a layinmu na Yalwawa ya san Malam Bunu mai faci. Mutumin Haɗeja ne, ya zo Dutse tun jihar tana sabuwa, ya kafa injin iskarsa a gindin wata darbejiya, kuma har yau yana nan, sai dai gemu ya yi fari. Ba shi da yawan magana, gaisuwa ma a taƙaice yake yin ta.

A ƙofar gidansa muke ciyayya bayan magariba. Kowa ya fito da kwanon gidansa, a haɗa a ci tare. A kan tabarmar nan mutum yakan san abokansa fiye da yadda suke so a san su. Mun san Alhaji Abdussamad mai shagon taki yana tura tsokar nama ƙarƙashin lomarsa, yana zaton ba a gani. Ni kuma sun san yaji kaɗan ke sa ni hawaye. Kwanon Malam Bunu ake fara buɗewa kullum, domin tuwon matarsa, Iya Kaltumi, ba shi da na biyu. Ba a suna ko biki a unguwar ba tare da an kira ta ta riƙe muciya ba, kuma da wannan take tinƙaho a duniya.

Bara hannunta na dama ya fara rawa, har ta kai ba ta iya tuƙa tuwo. 'Ya'yansu mata ne, ɗaya tana aure a Garki, ɗaya a Jahun. Abu ɗaya ta roƙi mijinta: kada kowa ya ji har hannun ya warke. Sai dattijon nan ya riƙa tashi daga faci da wuri, ya sa wa ƙofa sakata, ya tsuguna gaban murhu, ita kuma tana gefe a kujera tana ba shi umarni. Ya koyi yin talge, ya koyi zuba gari ba tare da ya yi gudaji ba, ya koyi cewa in an saka kuka ba a barin kaɗawa. Mu kuwa muna ci muna santi, muna cewa a gaishe da Iya.

Abin ya yi masa nauyi, ya ga gara ya sauke wa wani. Ya zaɓi Alhaji Abdussamad, amininsa tun zuwansa garin, wanda ya yi wa babbar 'yarsa waliyyi. Ya gaya masa komai, ya ce amana ce.

Wata Juma'a muna cikin ci, Alhaji ya kai loma, ya tauna a hankali, ya dubi Malam Bunu yana murmushi.

"Uwargida, yau kin cika kanwa."

Ba mu gane ba, sai ya fayyace mana, har da kwaikwayon yadda ake riƙe muciya. Har yanzu in na tuna raina ɓaci yake. Ba mugunta ce ta sa shi ba, labari ne mai daɗi ya samu ya kasa haɗiyewa, kuma wannan ya fi ba ni haushi.

Malam Bunu ya janye hannunsa daga kwano.

"Alhaji, ba sirrina na ba ka ba. Nata ne."

"Haba Malam, wasa ne. Mu nan ai duk ɗaya muke."

Malam ya roƙe mu kada maganar ta shiga gidajenmu, muka yi alkawari. Bai san ta riga ta shiga gidan Alhaji ba.

Ba a jima ba aka yi haihuwa a maƙwabta. Iya Kaltumi ta shirya uzurin da za ta bayar in an zo kiranta girki, za ta ce tafiya Garki ta kama ta. Ranar suna ta zo, babu wanda ya aiko. Da azahar sai ga Hajiya Murja, matar Alhaji, da kwanon tuwo a hannu.

"Mun ce kada a wahalar da ke, Iya. Allah ya ba ki lafiya. Malam ma yau ya huta."

Tana magana idonta na kan hannun. Iya ta yi godiya, ta raka ta har zaure. Da Malam Bunu ya dawo ta tambaye shi wa ya gaya wa. Ya faɗa mata.

Daga ranar ya daina fitowa ciyayya, tabarmar ta koma ƙofar gidana, kuma ba ta ƙara armashi ba. Kwanan baya na kai masa faci, na ce ya yi haƙuri da tsokanar mutane. Ya ce tsokana ba ta dame shi ba. Har yanzu shi ke girki, amma shi kaɗai, don Iya ta daina fitowa bakin murhu. Ba ta ƙara ce masa gishiri ya yi yawa ko ya yi kaɗan ba. Duk abin da ya ajiye mata ci take, ta ce an gode, kamar baƙuwa.