Keken da Ya Iso Bayan Rasuwar Mijina

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. A lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da 'yan kai, haifaffiyar Kademi ce ni, aure ya kai ni Ajingi, kuma ina koyar da yara a wata Islamiyya da ke bayan gidanmu. Ban haihu ba tukuna. Maigidana malamin gona ne, kullum yana yawon ƙauyuka. A babban gidansu muke zaune, mu a sashenmu, mahaifinsa da muke kira Malam da mahaifiyarsa Inna a nasu, sai ƙaninsa saurayi da ke kula da gonar gidan. Ban taɓa zama na ba kowa labarin nan daga farko har ƙarshe ba, kuma ina roƙon a sakaya sunana.

Maigidana mutum ne mai son keke, irin son da har ake yi masa dariya a gari. Yana da wani tsohon keken tsere na ƙarfe da ya saya gwanjo, in ya hau yakan sa farar hular kwano da baƙin tabarau da wata riga ruwan ganye mai manne jiki. Burinsa ya haɗa keken kabon, wani sinadari mai ƙwari marar nauyi da ake yi da shi maimakon ƙarfe, da hannunsa, irin mai faffaɗan taya da ke iya bin kwalta ya kuma bi burji. Ya ce sayen haɗaɗɗe sai masu hali, amma in mutum ya yi haƙuri ya tsinto kayan ɗaya bayan ɗaya zai samu da sauƙi. Bayan la'asar yakan zauna a tabarma da wayarsa yana nuna min. Firam ɗin, wato gangar jikin keken, ya zaɓo marar tambarin kowane kamfani daga ƙasar Sin, bayan ya tsaya jikin bango na auna masa tsawon ƙafarsa da tef ɗin ɗinkina. Giya da birki ya ce na gwanjo za su yi. Wili kuwa, wato ƙafafun keken, ya ƙi na kabon, ya ce ramukan hanyarmu ba za su bar shi ba. Abin da ya fi nanatawa shi ne kabon ba ya lanƙwasa ya yi wa mutum gargaɗi kamar ƙarfe, ko dai ya riƙe ko ya karye gaba ɗaya, don haka ba a ɗaure notinsa da ƙarfin tsiya, akwai wata sifana ta musamman da ke yin ƙas idan ɗaurin ya isa. Ni dai ina jin sa ne kawai ina tsintar shinkafata.

Ana farkon damina aka tura shi wani kwas a kudu. Motarsu ta yi karo da tirela a wani daji bayan an wuce Kaduna, ta kama da wuta. Kafin labari ya iso mana mutanen ƙauyen da ke kusa sun yi wa gawarwakin sutura. Ƙaninsa aka tura, ya dawo da agogonsa da wata jaka da ta ƙone rabi. Ni ba a ce min komai ba sai haƙuri. Da na tambayi Inna ko an ga fuskarsa, sai ta ce kada in tayar mata da miki. Malam kuwa a ranar sadakar uku ya sa aka bayar da tsohon keken, ya ce ba ya son ya sake ganin wani ɗansa a kan titi da sunan wasa. Haka na shiga takaba ban ga gawa ba, ban san inda kabarin yake ba.

Ba a yi arba'in ba kwali na farko ya iso. Wani direban bas da ke zuwa Kano ne ya aiko da shi, an rubuta sunan marigayin a jiki da manyan baƙaƙe. Da na ɗaga na ɗauka babu komai a ciki saboda rashin nauyi. Na buɗe na ga firam ɗin, baƙi wuluk kamar itacen da wuta ta cinye, na ɗaga shi da yatsu biyu. Da na ƙwanƙwasa sai ya yi sauti irin na busasshiyar ƙwarya. Na mayar da shi cikin kwalin. Daga nan kwalayen suka ci gaba da zuwa, yau wili, bayan kwanaki sirdi da kan keke, duk da sunansa, kamar yana can wani wuri yana aikowa. Na san oda ce da ya yi tun yana raye, amma sanin bai hana gabana faɗuwa ba duk lokacin da aka yi sallama a ƙofar gida. Na riƙa sawa ana kai su wani ɗan ɗaki da ke cikin soro inda yake ajiye kayan kekensa, in kulle. Mukullan ɗakin biyu ne, ɗaya a wurina, ɗaya a zoben mukullansa da ya tafi da shi, kuma ba ya cikin kayan da aka dawo da su.

Wata rana da azahar, gida ya yi tsit kowa ya kwanta, na je share ɗakin. Kwaɗon yana nan a kulle yadda na bar shi. Na buɗe na tarar da kwalayen a jere, amma duk babu komai a ciki, an ma ninke ledojin an mayar da kyau, yadda shi yake yi. Ƙusar da hularsa da rigarsa suke rataye ita ma babu komai. Abin da ya kamata in yi shi ne in je in faɗa wa Malam an yi mana sata. Ban je ba. Ɓarawo ba ya ninke leda, ba ya mayar da kwaɗo. Wani tunani ya shigo zuciyata wanda na ji kunyar faɗarsa ko ga kaina, na kulle ɗakin na koma ciki, ban gaya wa kowa ba.

Ba da jimawa ba maganganu suka fara shigowa. Wata mai kawo mana nono ta faɗa wa Inna a gabana cewa ta ga wani a hanyar burjin da ta ratsa gonaki ta nufi Gaya, da sassafe, a kan baƙin keke, da farar hula da koriyar riga, fuskarsa a rufe, kuma ba ya amsa sallama. Ta ce keken ba ya ƙara irin ta kekuna, wucewa kawai yake kamar iska, sai wani ƙir-ƙir-ƙir in ya daina taka feda. Inna ta kore ta. Amma ranar kasuwa wasu 'yan wajen ƙauyen Balan suka zo da irin labarin, har aka ce masu zuwa cirar gyaɗa sun daina bin hanyar sai rana ta ɗaga. Wasu suka ce fatalwa ce, wasu suka ce aljani ne ya ari siffarsa. Wata ƙawata kuwa ta raɗa min cewa an sha yin haka, a ce mutum ya mutu a haɗari alhali ya tsira, kansa ya juye, ya dawo yana kewaya garinsu ya kasa shiga gida. Wannan maganar na riƙe, domin ita nake so.

A cikin haka kwali na ƙarshe ya zo, ɗan ƙarami mai nauyi. Na buɗe na ga sifanar nan da ya yi ta ba ni labari, a cikin gidanta na roba. Nan take na san duk wanda ya haɗa keken ya haɗa shi ba da ita ba, kuma na tuna abin da ya ce game da karyewa. Maimakon in ɗaga murya, sai na kai ta ɗakin soro na ajiye a kan tebur, na ce in shi ne zai zo ya ɗauka. Kullum da safe in leƙa, tana nan. Na daina cin abinci sosai. Ina karanta Alƙur'ani ina yi masa addu'ar samun rahama, ina kuma kasa kunne ko zan ji motsin kwaɗo. Inna ta lura na rame, ta sa aka riƙa yi min rubutu ina sha.

Washegarin ranar da na fita takaba, bayan sallar asuba, na zura hijabi na fice ta ƙofar baya. Dawa ta yi tsawo ta rufe hanyar dama da hagu, raɓa ta jiƙa min zane, babu kowa. Na tsaya gindin wata kuka. Gari ya fara haske sai na ji ƙir-ƙir-ƙir daga nesa, sannan na hango farar hular tana tahowa tsakanin karan dawa. Tsawonsa ne, faɗin kafaɗarsa ne, har yadda yake karkata kai gefe guda. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran sunansa ba, amma ranar na kira shi da ƙarfi. Keken ya yi tangal-tangal, baƙin tabarau ɗin ya juyo ya dube ni, sai ya sunkuya ya ƙara gudu ya ɓace. Na dawo gida na tabbata mijina ya gan ni ya guje ni.

Na ci gaba da fita, wata rana in gan shi daga nesa ya juya, wata rana babu kowa. Iyayena suka aiko a mayar da ni Kademi na ce a ƙara min lokaci. Rannan ina tsaye a wurin sai na hango shi ya taho da gudu a gangaren da ruwa ya zaizaye. Ban ga ya bugi komai ba. Ƙara kawai na ji kamar an karya busasshen kara, kan keken ya rabu da tayar gaba, ya tashi sama ya faɗo da fuska. Akwai wasu manoma da ke tafe a bayansa da fartanyu, da suka ga ko wane ne suka ja da baya suna salati, babu wanda ya matso. Ni na ruga. Na durƙusa cikin jar ƙasa na kwance igiyar hular, na janye ƙyallen da ya rufe fuskarsa. Jini ya wanke ta, amma na gane ta. Ƙanin mijina ne. Ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Anti, ki yafe min." Ni kuwa abin da ya fito daga bakina, wanda har yau nake jin nauyinsa, shi ne, "Ina yake?"

Sai da na yi wa manoman rantsuwa cewa mutum ne ɗan gidan Malam suka zo suka ɗauke shi. An kai shi asibiti a Gaya, daga nan aka wuce da shi Kano. Muƙamuƙinsa ya karye da ƙashin kafaɗa, kuma har yanzu hannunsa na dama ba ya ɗaguwa sosai. Da ya fara iya magana ya faɗa mana komai a gaban Malam. Ya ce an ba shi mukullan tare da agogon, ya ɓoye su don yana son ya riƙe wani abu na yayansa. Ya kwashe kayan ya kai bukkar gona, ya haɗa su yana kallon bidiyo a waya, ya ɗaure kowane noti da sifanar gyaran babur iya ƙarfinsa, don a zatonsa hakan ne zai sa ya yi ƙwari. Ya rufe fuska ne saboda haramcin Malam. Ya ce a can ƙauyen bai ga gawa ba shi ma, tudun ƙasa kawai aka nuna masa, kuma tun da ya dawo ya kasa kuka sai in yana kan keken nan. Da ya ji ana cewa fatalwa, kunya ta hana shi fitowa fili, ranar da na kira sunan yayansa kuwa ya kwana bai runtsa ba, amma ya rasa ta inda zai fara. Malam bai yi masa faɗa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce laifinsa ne da ya hana kowa ambaton marigayin a gidan.

A wurina, a safiyar da keken nan ya karye mijina ya rasu. Kukan da ban yi ba a takaba sai a lokacin na yi shi. Bayan girbi Malam da kansa ya ɗauki mota ya kai ni da Inna ƙauyen da aka binne shi. Wani dattijo da ya yi wa mamatan wanka ya zaunar da mu ya ba mu labarin yadda aka yi musu salla, ya nuna mana wurin daga bakin maƙabarta. Inna ta riƙe hannuna muka yi addu'a. A hanyar dawowa na yi barci a mota, barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

Abin da na koya shi ne shiru a gidan mutuwa ba haƙuri ba ne. Mu huɗu muna gida ɗaya, kowa na ɓoye ciwonsa don kada ya taɓa na wani, har ya kusa cin ran yaron da bai yi laifin komai ba sai kewar ɗan'uwansa. Da na yi magana ranar da na ga kwalayen babu komai, ko ranar da sifanar ta zo, da hannunsa na nan lafiya. Ina kira ga iyaye da dangin miji, in mutum ya rasu a nesa ku zaunar da matarsa ku faɗa mata duk abin da kuka sani, komai ɗacinsa, domin abin da kuka ɓoye zuciyarta za ta cike shi da wani abu. Matasan da ke haɗa irin wannan keke kuma, kada sauƙin kuɗinsa ya sa ku yi gaggawa, ku nemi kayan aikinsa da wanda ya san shi kafin ku ɗora ranku a kai. Ke kuma 'yar'uwata da ke takaba, in kin ga abin da ya ɗaure miki kai, ki faɗa wa wani tun a ranar, ko da kina tsoron amsar da za ki ji. Allah Ya jiƙan mamatanmu, Ya ba mu ikon yarda cewa sun tafi.