Tankin Baya

Mahaifina yana da wata tsohuwar mota mai ɗaki da gado a ciki, irin wadda a nan Makka muke ce wa karafan. A ƙofar gidanmu na Hindawiyya take, ta cinye rabin lungu, maƙwabta suna ta ƙorafi, shi kuwa ko a jikinsa. Tankin mai biyu ne da ita. Da na gaba muke hawa Ɗa'if idan zafi ya matsa. Na baya kuwa ba a taɓa shi, don na komawa gida ne.

Yana yaro ya zo ƙasar nan da iyayensa, a ƙafa, ta Sudan. Yayarsa aka bari wajen kakarsu a wani ƙauyen Kano, saboda kurkunu ya kama mata ƙafa ana gab da tashi. Ba su ƙara ganin juna ba. Mun sha ce masa ga jirgi nan, ya ce yadda ya zo ta ƙasa, ta ƙasa zai koma, jirgin ruwa ya tsallakar da motar daga Jidda. Taurin kan Baba sai dai a sa masa ido. Bana takardu, baɗi kuɗin makarantarmu, daga baya yaƙi ya toshe hanyar. Duk saƙon muryar da zai aika wa yayar tasa, Gwaggo, a waya, da magana ɗaya yake rufe shi: "Yaya, tanki cike yake, ina nan tafe." Ita kuma ta ce an share masa ɗaki.

Ma'aunin man motar ya mutu tun kafin ya saye ta. Da sanda yake awo, ya zura, ya zaro, ya duba inda ta jiƙe. Da gwiwa da ido suka gaza, sai ya daina buɗe na baya, tunda ya san da hannunsa ya cika shi. Wata rana ya ce mini, "Ya waladi, ka sa mata agogon mai guda biyu, in riƙa gani daga kujera."

Na kai ta wani gareji a Kudai. Mai gyaran ɗan unguwarmu ne, Hausarsa rabi Larabci ce. Ya saka sabon abin da ke yawo a saman mai a kowane tanki, ya ja wayoyi, ya kafa agogo biyu kusa da sitiyari. Allurar na gaba ta tashi. Ta baya ta kwanta, ko motsi. Ya shiga ƙarƙashin motar, ya fito da tsatsa a tafin hannu. Tankin ya daɗe da hujewa, man ya tsiyaye a lungunmu kaɗan-kaɗan ba wanda ya lura.

"Wallahi ammi ba zai ji daɗi ba," in ji shi, yana nufin Baba. "In ka yarda in haɗa wayar da na gaba, allura ta tashi, khalas."

Ban kai ga ba shi amsa ba sai ga Baba ya sauko daga tasi yana dogara sanda. Ya ƙagu ne, ya kasa jira a gida. Muka taimaka masa ya hau kujera. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya ƙwanƙwasa shi da farce. Na gaya masa abin da aka gani. Ya ce, "Ashe ya riga ni tafiya." Na ce a sayi sabon tanki a cika, ba wani abu ba ne. Ya girgiza kai, ya ce in mai da shi gida. Ban taɓa jin tausayinsa irin na ranar ba.

Bayan la'asar ya karɓi wayata ya yi wa Gwaggo saƙo. Ya gaishe ta, ya tambayi jikoki da damina, ya ce ta yafe masa. Bai ambaci tanki ba.

Bai ga Ramadan na gaba ba. An yi masa salla a Harami, masu ta'aziyya suna ta cewa ya dace, wa zai samu kabari a Makka. Na amsa da amin, don gaskiya suka faɗa. Amma amsar da Gwaggo ta aiko a wancan yammacin tana nan a wayata, shi bai yarda ya saurara ba. Ta ce, "Ban ji ka ce kana tafe ba. Ɗakin dai an share."