Yaya Bukar da Jinin Salwa

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Bukar, wanda ya yi rayuwarsa yana koyar da kiwon kaji a Shabu. Jama'a sun san shi da koyarwa, ni kuwa na fi tuna shi tsugune a gaban kejin salwata a Azuba, babbar rigarsa tana jan ƙasa.

Lokacin mijina bai daɗe da rasuwa ba, da ƙwan salwar nan nake ciyar da 'ya'yana. Da zafi ya tsananta sai tsuntsayen suka fara mutuwa. Duk maganin da aka kwatanta mini na zuba musu a ruwa, abin sai ƙaruwa yake. Yaya ya zo a babur, ya ɗaga fiffiken wasu, ya ɗebi jini da siririyar allura, ya ce in biyo shi lab, wato ɗakin gwaje-gwajen wurin aikinsa.

A can ya shafa jinin a gilashi, ya ce in leƙa madubin likita. Na ga jajayen ƙwayoyi masu siffar ƙwai, kowace da ɗigo a tsakiya. Ya nuna mini wasu fararen ƙwayoyi, ya ce su ne sojojin jiki, kuma irin waɗanda ke tare cuta sun ragu ƙwarai.

"Hajara, ba magani suke nema ba," in ji shi. "Zafi da cunkoso ne suka karya musu garkuwa. Raba su, ki sa musu inuwa da ruwan sanyi."

Na ce, "Yaya, shi ke nan?"

Ya yi dariya. "Kin fi son in rubuta miki abu mai tsada?"

Ranar da kansa ya ɗaura zana a kan kwanon rufin kejin. Sannu a hankali mutuwar ta tsaya.

Da ciwo ya kama shi, aka miƙo masa sakamakon gwajin jininsa a asibiti. Ya duba, kuma ya fi kowa a cikinmu sanin abin da ke ciki. Sai ya tambaye ni ko yara sun ci abinci.

Yau Azuba ta cika da gidaje, kiwon salwa ya yaɗu, ana tallar ƙwanta a waya wai yana warkar da kowace cuta. Da yana nan, na san zai girgiza kai ya ce, "Wa ya gwada?"

Bai bar gini ko mota ba. Amma kwanan baya a kasuwa wata mata daga Arikya, wadda ban sani ba, ta ji ni 'yar kiwo ce, ta ja ni gefe ta ce kada in riƙa saurin ba tsuntsu magani, in fara duba wurin kwanansu, haka wani malamin Shabu ya koya wa mahaifiyarta. Na yi mata godiya, na ce zan kiyaye.

Allah Ya haskaka kabarinka, Yaya.